Gwadabe Mai Agogo da Wayar Ƙasa

Waɗanda suka san kasuwar Tudun Wada a shekarun da suka gabaci mulkin kai za su iya tunawa da wata 'yar rumfa a ƙarshen layin maɗinka, inda wani siririn mutum yake zama a kan buzu da ɗan teburi a gabansa. Sunansa Gwadabe, amma da Mai Agogo aka fi saninsa. Agogo bai yi yawa a garin ba a lokacin: akwai na alƙali, da na malaman makaranta, da na wasu 'yan kasuwa masu zuwa Kano. Saboda haka yakan haɗa da gyaran keken ɗinki, kuma da waɗannan biyu yake ciyar da gidansa.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara shi ne kunne. Idan aka kawo masa agogo, ba ya buɗe shi sai ya kara shi a kunnensa na dama, ya lumshe ido, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. Maɗinki kuwa sai ya taka kekensa daga can rumfarsa, Gwadabe ya ce masa daga inda yake zaune, "Allurarka ta lanƙwashe," ko kuwa, "Mai yake so, ba gyara ba." Da wuya a buɗe a tarar da wani abu dabam. Na san shi tun lokacin da aka kai ni koyarwa a makarantar elementare ta garin, kuma daga bakinsa da na taubashinsa Habu na ji labarin da zan bayar.

A Tudun Wada aka haife shi. Da yaƙin duniya na biyu ya taso ya shiga soja, aka kai shi ƙasar Bama, aka sa shi a sashen masu aika saƙo. Da farko ɗaukar akwatin waya kawai yake yi a bayansa, amma da aka lura da kunnensa sai aka koya masa bugun tangaraho, wato gajeren sauti da dogon sauti waɗanda ake jerawa su zama haruffa. Ya komo gida da igiyar kofur da kuma wata 'yar ƙara da ba ta barin kunnensa na hagu, tun ranar da igwa ta tashi kusa da shi. Bayan ya komo ya yi shekara uku yana kula da injin ruwa a wurin haƙar kuza a Riruwai, can wajen Doguwa. A nan ya haɗu da wani Bature da leburori suke kira Mai Lofe, wanda ba shi da wata sha'awa a duniya sai ta rediyo. Yana da akwatin da yake aika saƙo da shi zuwa ga abokansa na nesa, don nishaɗi kawai. Da ya gane cewa mai kula da injinsa yana karanta bugun tangaraho da kunne fiye da shi kansa, sai ya tattara wasu tsofaffin kaya ya taimaka masa ya haɗa nasa akwatin.

Akwatin Gwadabe ba ya aikawa, ji kawai yake yi. Katako ne da bai fi akushi girma ba, da ƙwan gilashi guda ɗaya a ciki, da batir, da abin sawa a kunne mai baki biyu. Wayoyi biyu ne suke fita daga jikinsa. Ɗaya doguwa ce, ana ɗaure ta a wuri mai tsawo, ita ce wayar sama. Ɗayar gajera ce, an ɗaure ta a jikin wani turken ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, ita ce wayar ƙasa. A gidansa ya ɗaure ta saman a reshen tsamiya, turken kuwa ya kafa shi a bayan ɗakinsa, daura da wurin da matarsa Baturiya take wanke-wanke. Daga baya aka mayar da Mai Lofe Jos, amma zumuncin bai yanke ba. Kowace Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana, idan ya gama hira da abokansa, sai ya buga haruffan sunan Gwadabe sau uku, ya ƙara da 'yar gaisuwa. Gwadabe ba shi da hanyar amsawa. Yakan rubuta abin da ya ji a takarda, idan ya sami mai mota ya aika masa.

Akwai abu ɗaya da Gwadabe yake tsoro, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa Balarabe ya kurumce yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ba farat ɗaya abin ya zo ba. Da farko sai an maimaita masa magana, daga baya sai an ɗaga murya, a ƙarshe kuwa ya zama idan ana salla sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya san liman ya yi ruku'u. Gwadabe yana yaro ya ga wannan duka. A shekarar 1957 shi ma ya cika arba'in da ɗaya.

Tun da sanyi ya wuce a shekarar, sautin akwatin ya fara raguwa. Wannan Lahadi sai ya danna abin kunne da hannu kafin ya ji; ta gaba sai rabin haruffan su ɓace. Ya bi kowace mahaɗa ya goge ta. Ya ba wani direba saƙo aka sayo masa sabon batir daga Kano, bai ga canji ba. Ya hau tsamiya ya sake ɗaurin waya. Da ya rasa abin da zai zarga a jikin akwatin, sai ya fara zargin kansa. Kullum da safe yakan kara agogo a kunne, sai ya ji kamar bugun yau bai kai na jiya ba, kuma ba shi da ma'aunin da zai auna ya tabbatar. Hanya mai sauƙi ita ce ya ba wani abin kunnen ya saurara. Amma ya san cewa idan wani ya sa ya ji abin da shi bai ji ba, magana ta ƙare, sana'a ma ta ƙare. Don haka ya hana kowa taɓawa.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Tun wucewar sanyi ruwan rijiyoyi ya ja baya, har Baturiya ta ɗauke kwanukanta ta koma wanke-wanke a gindin wani ɗan lemun tsami da ta dasa, don kada ruwan ya tafi a banza. Wata rana da yamma ta same shi zaune ya zura wa akwatin ido.

Ta ce, "Malam, sau biyu ina tambayar ka, kunu za a dama ko koko?"

Ya ɗago da sauri ya ce, "Sau biyu?"

"Sau biyu mana. Hankalinka yana wurin wannan katakon."

Ya ce a dama kunu. Da aka sha ruwa kuwa ko rabin ludayi bai sha ba.

A makon ne wasiƙa ta zo daga Jos. Mai Lofe ya ce aikinsa ya ƙare, zai koma ƙasarsu, kuma ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe ɗaya zai buga masa sallama ta ƙarshe kafin ya kwance kayansa. Gwadabe ya yi tunani ya ga cewa a gida ba zai ji komai ba. Akwai wani dutse a kudancin gari, tafiyar sa'a biyu, wanda babu abin da ya tare shi ta wajen Jos. Idan ya hau can da sabon batir, ya miƙa waya sosai, kuma bai ji ba, to ba laifin akwati ba ne. Ya ƙudura a ransa cewa idan haka ta faru zai mayar wa masu agogo kayansu ya koma gona.

Yana bukatar jaki, jaki kuwa Habu ne yake da shi. Habu ɗan ƙanwar mahaifinsa ne, manomi, ƙato, mai son barci da rana. Kamar yadda aka saba tsakanin taubasai, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kuma kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Gwadabe bai gaya masa maganar kunne ba. Maganar sallamar Bature kawai ya faɗa.

Habu ya ce, "Wato ni, da azumi a bakina, in hau dutse da tsakar rana don wani Bature zai ce maka sai wata rana? Kofur, yaƙin nan bai bar ka haka ba."

"Jakin nake so, bawana. Kai rakiya ce kawai, don ya fi sabawa da kai."

"Ai shi ma ya fi ka hankali. Ka tambaye shi ka ji ko zai je."

Duk da haka, ranar Lahadi da hantsi Habu ya zo da jakin. Suka ɗora akwatin a mangala, da batir a nannaɗe cikin tsumma, da nadin waya, da buta ɗaya cike da ruwan alwala. Ban da wannan ba su ɗauki ruwa ba, tun da babu mai sha.

Zafin ranar, in ji Habu, irin wanda kadangare ba ya tsayawa a kan dutse ne. Gonaki duk an share su ana jiran ruwa, babu ganye, babu inuwa sai ta gawo jefi-jefi. Iska ma idan ta taso kamar daga bakin murhu take fitowa. Jakin ya tsaya sau uku a hanya, a gindin dutsen kuwa ya ƙi gaba ɗaya, sai da suka ɗaure shi a wata 'yar inuwa suka ɗauki kayan a ka. Takalmin Gwadabe na taya ne, kuma kafin su kai sama ya fara jin zafin dutsen yana ratsa shi. Sun isa da sauran kusan rabin sa'a kafin ƙarfe ɗaya.

Saman dutsen fili ne sumul, babu komai sai wani busasshen marke da ya fito daga wata tsaga. Gwadabe ya ajiye akwatin a ɗan inuwar kututturen, ya rataya nadin waya a kafaɗa, ya kama reshe zai hau. Yana hawa ya nuna turken da ƙafa ya ce, "Habu, sa ƙarfen nan a ƙasa."

Habu ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki turken, ya zagaya bayan kututturen inda wayar ta kai, ya kwantar da shi a kan dutsen a hankali. Don kada ya gangara, har ya nemo wani ɗan dutse ya danne shi. Sannan ya zauna ya rufe kansa da rawani.

Gwadabe ya sauko ya haɗa batir, ya ga ƙwan ya yi ja kaɗan, ya sa abin kunne. Ya ciro agogonsa ya ajiye a kan gwiwa. Ƙarfe ɗaya ya yi. Ya murɗa maɓallin a hankali zuwa inda ya saba samun Mai Lofe, wurin da ya yi wa alama da tsinin allura. Bai ji komai ba. Ya murɗa gaba, ya komo baya, ya danna abin kunnen da tafin hannu biyu har gefen kansa ya yi ciwo. Abin da yake ji kawai shi ne tsohuwar ƙarar kunnensa ta hagu, da bugun jininsa. Gumi yana gangarowa ta ƙarƙashin hularsa yana shiga ido, bai share ba.

Habu ya ce daga cikin rawani, "Ya gaishe ka?"

Gwadabe ya sake murɗa maɓallin.

"Ka ce masa ina gaisuwa. Ka ce masa idan akwai ƙanƙara a garinsu ya aiko."

Ɗaya da kwata ta wuce, ɗaya da rabi ta wuce. Gwadabe ya san Mai Lofe ba ya wuce rabin sa'a. Ya ci gaba da zama har allurar agogo ta kusa biyu, sannan ya cire abin kunnen ya riƙe shi a hannu ya daɗe yana kallo. Habu ya yaye rawani zai sake tsokana, sai ya ga fuskarsa, ya fasa.

Gwadabe ya miƙa masa ya ce, "Sa wannan. Abin da ka ji ka gaya mini, kada ka rage."

"Yau kuma? Abin da ko ƙura ba ka bari in hure?"

"Sa dai."

Habu ya sa, ya karkata kai, ya kasa kunne. Can ya ce, "Ban ji komai ba."

"Habu, ba wasa nake yi ba. Kada ka tausaya mini."

"In tausaya maka a kan me?"

A nan ne Gwadabe ya gaya masa. Bai tsawaita ba. Ya ce wata biyu ke nan sautin yana gudunsa, ya ce shekarunsa sun kai na Baba Balarabe lokacin da abin ya fara masa, ya ce ba sallamar Bature kaɗai ta kawo shi ba. Habu ya san Balarabe, kawunsa ne, kuma ya sha tsayawa kusa da shi a sahu. Ya cire abin kunnen ya ce, "Da azumi a bakina nake gaya maka, babu abin da yake fita daga cikin nan. Ko numfashi."

Gwadabe ya so ya yarda, amma ya san Habu. Mutum ne da zai yi maka dariya idan ka yi tuntuɓe, amma idan ka karye shi ne zai goya ka, ya kuma ce maka targaɗe ne. Sai ya ce, "Shi ke nan. Mu tattara." Ya tashi ya zagaya bayan marken don ya zare turken, sai ya gan shi kwance a kan dutse, an danne shi da kyau.

Ya tsaya ya ce, "Wannan fa?"

"Ƙarfenka ne."

"Na ce ka sa shi a ƙasa."

"To, a sama ka gan shi?"

"Cikin ƙasa nake nufi, ƙasa ta turɓaya. Kafa shi za ka yi."

Habu ya ce, "Da ka ce in kafa, da na kafa. Ka ce in sa a ƙasa, na sa a ƙasa, har na danne maka. Ka je bariki an lalata maka Hausa, ka komo kana neman wanda za ka ɗora wa."

Gwadabe bai tsaya gardama ba. Ya ɗauki turken, wanda ya yi zafi har sai da ya kama shi da gefen riga, ya nemi tsagar da marken ya fito. Akwai 'yar ƙasa a ciki, busasshiya kamar toka. Ya buga shi da dutse har ya shige rabi, ya koma da sauri ya sa abin kunne. Ya murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Akwai wani ɗan shuuu, can nesa, wanda bai iya tantance ko daga akwatin yake ko daga kansa ba. Ban da shi babu komai. Wannan karon abin ya fi na farko ciwo, don ya riga ya sa rai. Ya zauna ya jingina da kututturen, abin kunnen yana kansa, bai ko kashe akwatin ba.

Habu ya dubi inuwa ya ce azahar ta yi. Ya ɗauki buta yana neman inda zai tsuguna. Ko'ina dutse ne mai ƙuna, ruwa yana zuba zai fallatso, don haka ya tsuguna a bakin tsagar, inda ƙasa za ta shanye. Ya wanke hannu, ya kurkure baki a hankali irin na mai azumi, ya wanke fuska da damatsa. Ruwan yana zuba a gindin turken.

Daga baya Gwadabe ya ce mini shuuu ɗin nan ne ya fara kumbura, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa a kan gonar dawa. Sai wani siririn sauti ya ratso ta cikinsa, gajere da dogo, gajere da dogo, tsaf kamar a cikin ɗaki ake bugawa. Bai motsa ba. Hannunsa ne ya fara rubuta haruffan a kan gwiwa da yatsa, kamar yadda ya saba tun a soja.

Ya ce a hankali, "Habu, kada ka tashi daga nan."

"Ƙafa ta rage mini."

"Wanke ta a nan. A kan ƙarfen."

Habu ya wanke ƙafa ya miƙe ya ce, "Baturen ne?"

"Ba shi ba ne. Wani ne dabam, ban san shi ba. Da abokinsa yake magana."

"Me yake cewa?"

Gwadabe ya saurara, sai ya fara dariya, irin dariyar da ba ta da ƙarfi saboda ƙishirwa. Ya ce, "Cewa yake yi ana ruwa a garinsu tun safe, ya kasa fita."

Habu ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ya ce, "Don mu ji wannan muka hau dutse."

Kafin Habu ya idar da salla, zafi ya tsotse ruwan tsagar, sautin kuma ya yi ta raguwa a hankali har ya koma ɗan shuuu ɗin farko. Gwadabe ya bi raguwar da kunne, ya gane ta, don ita ce ya yi wata biyu yana ji a gida; abin da ya ɗauki wata biyu a can ne ya faru a nan cikin 'yan mintoci. Sai ya tuna da kwanukan Baturiya a gindin lemun tsami. Shekara da shekaru ruwan wanke-wankenta ne yake jiƙa gindin turken, shi bai sani ba, ita ma ba ta sani ba. An koya masa a soja cewa wayar ƙasa tana shiga cikin ƙasa, amma babu wanda ya ce masa sai ƙasar tana da laima, domin a Bama bai taɓa ganin busasshiyar ƙasa ba.

Sauran ruwan butar na alwalarsa ne. Ya ɗora wa Habu abin kunnen, ya je ya tsuguna a bakin tsagar. Yana shafar kai sai ya ga Habu ya zabura.

Habu ya ce, "Gyare ne a ciki."

Gwadabe ya ce, "Yanzu abokin ne yake amsa masa. Ya ce shi ma rufin ɗakinsa yana yoyo."

Habu ya juyo ya dube shi. Tsakaninsu ya kai taku biyu, abin kunnen kuma yana kan Habu. Ɗan sautin da yake tsiyayowa ta gefensa ne Gwadabe ya karanta daga inda yake tsugune, da ruwa a kunnuwansa.

Habu ya ce, "Wannan ne kurman? Ka sa na kusa yi maka kuka a banza. Allah ya isa tsakanina da kai, bawana, har da jakina."

Sallamar Mai Lofe dai ba su ji ta ba, kuma Gwadabe bai sake jin bugunsa ba har abada. Wannan ya dame shi, ya kuma rubuta masa wasiƙa ya ba da haƙuri, ko da yake bai san ko ta same shi kafin ya tashi ba. Saukowa ta fi hawa wuya. Ƙafar Gwadabe ta yi bororo, Habu ya yi jiri sau biyu, jakin kuma ya tsinke igiya ya kama hanyar gida shi kaɗai, sai da suka ɗauki kayan a ka har gari. Sun shiga ana kiran magariba. Baturiya ta ce a ranar ya shanye kunun da aka dama wa mutum uku, kuma tana ta tambayar sa abin da Baturen ya ce, shi kuwa yana ta ce mata ana ruwa a wani gari.

Washegari ya tambaye ta ko za ta mayar da wanke-wankenta bayan ɗaki. Ta ce lemunta fa? Sai ya zare turken ya ƙara wa wayar tsawo ya kafa shi a gindin lemun.

Ranar kasuwa na je karɓar agogona, na tarar da su biyun a rumfa suna gardama, maɗinka sun kewaye su. Da suka gan ni sai suka ce ga malamin makaranta, shi zai raba. Kowa ya faɗi nasa. Na ce musu a rubuce kalmar ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Akwai ƙasa wadda ake nomawa, ana jan ƙarshenta; akwai kuma ƙasa kishiyar sama, wadda ake datse ƙarshenta, murya ta sauka. Wanda ya ce a sa abu a ƙasa, ta biyun ya faɗa, kuma ajiyewa ya umarta. Mai son ta farko sai ya ce a kafa shi cikin ƙasa. Saboda haka Habu ne yake da gaskiya.

Habu ya miƙe ya bi maɗinka ɗaya bayan ɗaya yana cewa su shaida. Gwadabe bai musa ba. Ya ce ko da Habu ya kafa shi tun farko, busasshiyar ƙasa ce, ba za su ji Baturen ba. Habu ya ce wannan wata shari'a ce dabam, a sa mata rana. Daga nan Gwadabe ya ɗauko agogona ya kara a kunnen dama, ya lumshe ido, duk da hayaniyar da ake yi a kansa.

Ya ce, "Malam, gudu yake yi. Ka daina ajiye shi a taga, rana tana dukansa."

A taga nake ajiye shi kuwa. Ya zauna a wannan rumfa shekara ashirin bayan haka, kuma har ya bar sana'a saboda ido, ba a taɓa maimaita masa magana ba sai idan Habu ne yake yi, shi ma don ya ƙi amsawa ne.